Akwatin Awon Engkos

Shekara ashirin da bakwai Engkos ya yi yana gyaran na'urori a gidan rediyo a Bandung, da ya yi ritaya kuma zaman banza ya gagare shi. Ya kwashe kayan ɗakin da 'yarsa Wulan ta bari bayan ta yi aure, ya kafa dogon tebur, ya jera kwamfuta da wayoyi da wata tsohuwar na'ura mai koren allo da ya tsinta a gwanjo. A nan yake auna amfilifaya. Mutum ya kawo masa tasa, sai ya haɗa ta, ya tura mata sauti guda tsaftatacce, ya ga abin da za ta dawo da shi. Duk abin da ta ƙara daga kanta shi ake kira datti, manhajar kwamfuta ta zana shi a allo ta kuma ba shi lamba. Ba ya karɓar ko rupiya ɗaya. Abin da yake so bai wuce ya ji ana gardama, wani ya ce, "Ai Engkos ya auna," kowa ya yi shiru ba.

Masu wannan sha'awa suna haɗuwa duk Asabar da hantsi a benen sama na kasuwar Cikapundung, a gaban shagon Koh Ahin. Ba su cika wuce mutum goma sha biyar ba, amma suna da zaure a waya mai mutum fiye da ɗari huɗu, daga Medan har Makassar.

Koh Ahin ya girme shi da shekara bakwai. Sana'arsa haɗa amfilifaya irin ta da, mai kwalabe masu yin ja idan sun yi zafi, kuma da hannunsa yake naɗa taransifomarta, zagaye bayan zagaye, da wani ƙaramin inji mai mariƙi da ya gada wurin mahaifinsa. A shekara ba ya haɗa fiye da biyar. Ba shi da kwamfuta. Idan ya gama aiki sai ya sa faifai guda, na wata tsohuwa mai waƙa da kiɗan tsirkiya, ya rufe ido ya karkata kai. In ya buɗe ido ya ce ta yi, to ta yi.

Shekara talatin suna tare, tun ranar da Engkos ya shigo kasuwar neman wani ɗan ƙarfe da ya gagara samuwa a duk garin, Koh Ahin ya zaro masa shi daga gwangwanin biskit. Tun daga nan tsokana ce tsakaninsu.

"Kai da kunnenka ya mutu tun a gidan rediyo, dole ka riƙa jin waƙa da ido," in ji Koh Ahin.

"Kai kuma kunnenka ya kusa shekara saba'in, Koh. Ko taya ce ai an canza ta."

A ƙarshen damina Koh Ahin ya gama wata amfilifaya da ya shafe wata shida a kanta. Ya ce ita ce mafi kyau da ya taɓa yi, kuma ba mutum ba ne mai yawan faɗin haka. Tun kafin ya ɗaura mata murfi mutum uku suka ce a yi musu irinta. Ranar da ya kunna ta a shago, har mai sayar da soyayyen awara a bakin matakala sai da ya matso ya tsaya.

Alhaji Dudung ne ya ɓata shirun. Dillalin motoci ne, mai yawan magana, ɗaya ne kuma daga cikin mutum ukun.

"Daɗi kam akwai daɗi. Amma ni ko mota zan saya sai bakanike ya shiga ƙarƙashinta. A kai wa Engkos ya auna mana."

"A kai masa mana," Koh Ahin ya ce yana dariya. "Bari kwamfutarsa ta ji abin kirki ko sau ɗaya a rayuwarta."

Mutum biyu suka ciccibe ta zuwa mota, domin nauyinta ya kai na buhun shinkafa.

Ranar Litinin da safe Engkos ya haɗa ta. Ya bar kwalaben suka yi zafi rabin awa, ya sha kofinsa, ya danna. Abin da ya gani ya sa ya ajiye kofin. Amfilifaya irin wannan, a hannun gwani, dattinta bai kamata ya kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Allon ya nuna kashi huɗu. Ya sake, huɗu. Ya rufe manhajar ya buɗe wata daban, wadda wasu mutane a wata ƙasa suka rubuta da nasu lissafin. Ta ce huɗu da ɗigo ɗaya. Ya jera zanen biyu gefe da gefe, tsinin dattin suna tsaye a wuri ɗaya kamar haƙoran zarto.

Matarsa Imas ta shigo da tsintsiya ta same shi ya zuba tagumi. Ya gaya mata.

"To ka kira shi mana, Baban Wulan. Ku yi maganar ku biyu."

Ya kira sau ɗaya, ba a ɗauka ba. Ya san dalili: idan Koh Ahin yana naɗi ba ya taɓa waya, don kada lissafin zagayen ya ɓace masa. Amma a zauren Alhaji Dudung ya matsa. Ina sakamako? Ko an ɓoye ne saboda abota? Wani daga Semarang ya ce dama ya san awon nan na talakawa ne kawai, manya ba a taɓa su. Wannan maganar ce ta ci Engkos. Kafin azahar ya tura zanen biyu, ya rubuta a ƙasa: "Manhaja biyu, sakamako ɗaya. Lamba ba ta san aboki ba."

Kafin la'asar saƙo ya wuce ɗari biyu. Waɗanda ba su taɓa riƙe ƙarfen dalma ba suka zama malamai. Wani ya ce rediyon kakarsa ya fi wannan tsafta. Wani ya ce dama masu kwalabe datti suke sayarwa da tsada suna kiransa zaƙin murya. Alhaji Dudung ya tura hoton kansa yana riƙe da kai, ya rubuta, "Allah Ya cece ni."

Washegari Koh Ahin ya zo da kansa a motar haya. Bai zauna ba, bai karɓi shayin da Imas ta kawo ba. Ya daɗe yana kallon allon, gilashinsa a saman hanci.

"Ka tabbata?"

"Manhaja biyu, Koh. Ba su san juna ba. Sau uku-uku na yi."

"To," in ji shi.

Abin da ya faɗa ke nan. Engkos ya shirya wa faɗa, ya tanadi amsoshi, sai ga shi babu wurin ajiye su. Suka ɗauki amfilifayar tare zuwa mota, kowa yana kallon ƙafarsa.

Ba su yi rigima ba, ba su kuma daina gaisawa ba. Ranar Asabar Engkos yakan je, Koh Ahin ya miƙo masa kujera kamar kullum, sai dai tsokanar ta ƙare. Ya daina sa faifan nan. Mutum ukun suka janye ɗaya bayan ɗaya. Shagon ya koma buɗewa kwana uku a mako, sannan biyu. Masu zaman Asabar suka lallaɓa suka koma gaban wani shago a ƙasa, wai matakala tana wahalar da gwiwa. Bayan bikin sabuwar shekarar Sinawa, Engkos ya hau benen ya tarar da ƙofar ƙarfe a ja, an liƙa takardar neman ɗan haya. Maƙwabci ya ce tsohon ya koma Cirebon wurin 'yarsa.

Abin ya dame shi, amma ya riƙa gaya wa kansa cewa gaskiya ya faɗa.

Wata takwas bayan awon, Malama Rukmini ta kawo tata amfilifayar. Tana koyar da aikin lantarki a makarantar fasaha, ba ta daɗe da shiga zauren ba, kuma ba ta cika magana a ciki ba. Ta haɗa wata ƙarama da hannunta, ta auna ta a gida, tana so ta ga ko nata kayan awon sun yi daidai da na wanda kowa yake ambata. Ta zo ranar Lahadi da safe a kan babur, amfilifayar a jaka, kwamfutarta da 'yan wayoyinta a wata jakar.

Engkos ya haɗa ya danna. Kashi uku da rabi.

"A'a," ta ce. "A gida ba ta kai rabin rabin kashi ɗaya ba."

"Kayan awon gida sukan yi wa mutum daɗin baki, Malama." Ya buɗe manhaja ta biyu. "Kin gani? Ita ma haka ta ce."

Ta sunkuya ta bi wayoyin da ido, daga amfilifaya zuwa kwamfuta.

"Kang Engkos," ta ce, irin kiran da ake yi wa yaya, "manhajar biyu ce, amma hanyar ai ɗaya ce. Duk ta wannan akwatin suke sha."

Wani ɗan akwatin gwangwani ne, bai fi tafin hannu ba, shi ya haɗa shi da kansa. Aikinsa rage ƙarfin wutar da ke fitowa daga amfilifaya kafin ta shiga kwamfuta.

"Wannan akwatin ya fi shekara goma yana aiki," ya ce, muryarsa ta ɗan tashi.

"Ban ce ya lalace ba. Mu dai canza abu ɗaya-ɗaya mu gani. Haka nake sa ɗalibaina."

Bai ji daɗin a haɗa shi da ɗalibai ba, amma ya ƙyale ta. Suka sa kwamfutarta a madadin tasa: uku da rabi. Suka canza waya: uku da rabi. Ta zaro nata akwatin, na roba, mummuna, an naɗe shi da salatif, ta cire nasa ta sa. Engkos da kansa ya danna. Haƙoran zarton nan suka kwanta, allon ya yi fes. Ya mayar da nasa, suka miƙe. Ya cire, suka kwanta.

Ya ɗauki sukudireba ya kwance murfin. Ƙusa ɗaya ta faɗi ta gangara ƙarƙashin tebur. Malama Rukmini ta leƙa ciki, ta nuna da bakin biro.

"Waɗannan diyod biyun fa?"

"Na kariya ne. Wata amfilifaya ta taɓa ƙona mini kwamfuta, sai na sa su don su tare wuta idan ta yi yawa."

"Suna tarewa kam. Amma tun kafin ta yi yawa suke fara gutsurar sautin. A ƙaramin ƙarfi ba za ka gani ba. Da ka ɗaga, su ne dattin." Ta ɗago. "Yaushe ka sa su?"

Ba sai ya duba littafi ba. Kwana goma ne kafin a kawo amfilifayar Koh Ahin. Ita ce ta farko da ya auna bayan nan. Waɗanda suka biyo baya duk 'yan arha ne na kasuwa, da suka nuna datti bai yi mamaki ba.

Ya zauna a kujera. Malama Rukmini ta tattara wayoyinta a hankali, kamar mai tsoron tada barci. A bakin ƙofa ta ce, "Kowa yana irin wannan, Kang. Ni ma na taɓa." Ba ta san labarin ba tukuna.

A mako biyu ya bi duk waɗanda ya auna wa kaya tun lokacin, mutum shida, ya sake musu. Sannan ya rubuta dogon bayani a zauren, da hoton cikin akwatin, da sabon zane da tsohon. Ya ce laifin nasa ne, amfilifayar Koh Ahin ba ta taɓa samun awo na gaskiya ba, yana neman gafararsa a gaban kowa. Ya daɗe yana gyara kalmomin kafin ya tura.

Mutum biyar suka turo masa alamar ɗaga babban yatsa. Wani ya tambayi lambar diyod ɗin. Alhaji Dudung ya rubuta, "Ashe liman ma yana mantuwa a salla," da fuskokin dariya. Kafin awa guda hira ta koma kan wata sifika da wani ke sayarwa a Bogor.

Ranar Laraba ya hau motar Cirebon. Ya bar sanyin Bandung da sassafe, ya sauka cikin zafin bakin teku rigarsa ta manne a baya. 'Yar Koh Ahin, Meilan, tana da ɗan gidan abinci kusa da tashar jirgin ƙasa. Ta gane shi tun daga nesa. Tana yarinya yakan kawo mata alewa a shago, yau kuwa ko murmushi ba ta yi ba.

"Yana baya," ta ce. "Kada ka daɗe, Kawu. Hawan jininsa ba ya son magana mai yawa."

Ya same shi a tsakar gida ƙarƙashin rumfar kwano, zaune a kan 'yar kujera, da kwando a gabansa yana ɓare tafarnuwa. Ya rame. Singileti ce a jikinsa, wuyanta ya saki.

"Kai, Engkos! Wa ya mutu?"

"Babu kowa, Koh."

"To zauna. Ga wuƙa can in kana son lada."

Engkos ya zauna a kan bokitin da aka kife. Ya fito da akwatin daga jaka, ya buɗe, ya yi bayani tun daga farko. Ya yi ta zagaye yana maganar ƙarfin wuta da lambobi, har ya ji kansa ya tsaya.

"Ƙarya na yi maka, Koh. Ba da gangan ba, amma ƙarya ce. Dattin nawa ne."

Koh Ahin ya goge hannu a wando, ya karɓi akwatin, ya kawo shi kusa da ido. Ya taɓa diyod ɗin da farce.

"Waɗannan 'yan abubuwan?"

"Su."

"Liƙin dai ya yi kyau," ya ce, ya miƙo masa.

"Ka zage ni mana. Tun a mota nake jira."

"Me zan zage ka a kai? Ni ban taɓa zaton ka yi kuskure ba, shi ya sa." Ya ɗauki wata tafarnuwar. "Da na koma da ita shago, mako uku ina cikinta. Na canza kwalabe. Na kwance taransifoma na sake naɗawa, sau biyu. In kunna in saurara, ban ji komai ba sai daɗi. Sai na ce, Ahin, datti kashi huɗu ya wuce ta kunnenka ba ka ji ba. To me kake sayar wa mutane shekara arba'in? Ba masu janyewar ne suka kore ni ba, Engkos. Da wasu sun zo. Ni ne na kasa kallon mutum in ce masa ta yi."

Engkos ya matso da bokitinsa kusa.

"Ka dawo. Zan nema maka shago, ni zan yi ta bin mutane ɗaya-ɗaya ina gaya musu."

"Da wane inji? Na ba masu gwangwan. Wayar jan ƙarfe ma sun auna sun tafi da ita." Ya ɗaga hannun dama, yatsun suna rawa kaɗan-kaɗan. "Wannan kuma tun watan azuminku ya fara. Tafarnuwa ba ta damu ba."

"Amfilifayar fa?"

"Na wargaza ta. Ban so wani ya tsince ta da sunana a jiki."

Daga cikin gidan abincin ana jin ƙarar cokula da muryar Meilan tana kiran oda. Jirgi ya yi kuka a tasha. Koh Ahin ya daina ɓarar, ya juyo ya dube shi sosai, karo na farko tun zuwansa.

"To gaya mini. In an cire naka dattin, nawa ne nata?"

"Ban sani ba, Koh."

"Ba a iya lissafawa? A ɗebe wannan daga wancan?"

"Ba a iyawa. Sai an sake haɗa ta an auna."

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali. "Na so in sani," ya ce. "Ina jin ta yi kyau."

Meilan ta leƙo ta ce lokacin magani ya yi. Koh Ahin ya dafa kafaɗar Engkos ya miƙe, ya sa aka ɗaura masa mangwaro a leda ya kai wa Imas. Ya ce ya riƙa zuwa. Engkos ya ce zai riƙa zuwa. Sau ɗaya ya koma, bayan sallar layya, suka yi hirar ciwon gwiwa da tsadar barkono, ba wanda ya ambaci sauti.

Bai daina awo ba, domin mutane ba su daina kawowa ba. Sai dai yanzu kafin ya taɓa kayan kowa yakan auna nasa tukuna, kuma duk sakamakon da ya yi muni sai ya aika wa Malama Rukmini ta sake da nata kayan. Yakan buga takarda ya miƙa wa mai abu a hannu. Zauren kuwa karantawa kawai yake yi.

Zanen nan na farko bai mutu ba. Ya fita daga zaurensu ya shiga wasu, an yanke kwanan wata, an bar sunan Koh Ahin. Duk inda Engkos ya ci karo da shi yakan rubuta gyara a ƙasa. Wata rana da rana tsaka, a wani zaure na mutanen Surabaya, ya ga an sake tura shi ana dariya. Ya rubuta cewa awon ba daidai ba ne, kayan awon ne suke da matsala. Wani da bai sani ba ya amsa nan take:

"Baba, wannan fa awon Engkos na Bandung ne. Ka san shi kuwa?"

Ya rubuta, "Ni ne." Mutumin ya turo fuskar dariya, ya ce shi kuma shi ne sarkin birnin Solo. Engkos ya kife wayar a kan tebur. Imas tana kiransa daga kicin, ta ce ya zo ya kwashe shanya, hadari ya haɗo.